Ba Kakanku Ne Ya Cire Ni Daga Lakwal Ba

Akwai wata magana da kuka tashi da ita a gidan nan, kuma ke Hadiza kin fi kowa riƙe ta, don na sha jin kina faɗa wa yaran ajinki: wai ubanki yana da kai, amma kakanki Rabo ya cire shi daga kolaj ya mayar da shi gona. Ban taɓa buɗe baki na faɗi haka ba, amma kuma ban taɓa ƙaryatawa ba. In aka yi zancen a gabana sai in sunkuyar da kai in yi ta jan carbi, kamar wanda aka zalunta ya yafe. To ba haka aka yi ba. Korata aka yi, da takarda da hatimi, kuma silima ce ta ci ni. Fiye da shekara hamsin na bar sunan mahaifina yana ɗauke da laifin da yake nawa. Abin da ya sa na ɗauki bik, wato alƙalami, yau shi ne wani zama da muka yi a Madawa bayan sallar layyar da ta wuce, ni da abokan ajina biyu. Zan zo kansa, amma sai kun fara jin yadda abin ya faro.

A ƙauyenmu na kwarin Buza, ni kaɗai na ci jarrabawar shiga kolaj a shekararmu, aka tura ni Madawa. A wancan zamani yaron ƙauye sai an nema masa mai masauki a gari, wanda zai ba shi wurin kwana da abin da ya samu na tuwo, shi kuma ya yi ɗiban ruwa da aike. Kawuna Ada, ƙanin Inna, tsohon soja ne mai son boko kamar ransa, shi ya kai ni gidan wani tela abokinsa. A zauren telan na tarar da yara biyu 'yan ajinmu: Sha'aibu daga Bangi, dogo, wanda sai ka yi masa tambaya uku ya amsa ɗaya, da Illa daga Garhanga, gajere, bakinsa ba ya hutawa ko yana barci. Tabarma biyu muke da ita mu uku, fitila ɗaya, da kwano ɗaya.

Gidan silimar garin ba gida ba ne. Fili ne da aka kewaye da doguwar katanga, ba rufi, an shafe bango ɗaya da farar ƙasa, can baya kuma ga ɗan ɗaki mai taga inda injin yake. Ma'aikata da manyan 'yan kasuwa suna zama kan kujerun baya, irinmu kuwa ƙasa muke zama dab da bangon, mu ɗaga kai har wuya ya sage. Ana kawo na Indiya, da na kaboyi, da na masu faɗa da hannu da ƙafa. Ba mai jin yarensu, amma ba wanda ya taɓa fitowa ya ce bai gane ba. In mugu ya lallaɓo bayan jarumi sai filin ya ɗauka gaba ɗaya, ana ta ihu ya waiwaya. Akwai wani mahauci da haushi ya taɓa kamawa har ya jefi bangon da takalminsa, sai da aka tsayar da inji ya je ya ɗauko, ana yi masa dariya yana zagin kowa.

Ɗan abin da ke aljihunmu mu uku, in an haɗa, da ƙyar yake isa tike ɗaya a mako. Illa ne ya kawo dabara: tunda Alhamis ba karatu, duk Laraba mutum ɗaya ya shiga, da safe ya ba sauran labari, a yi ta zagayawa. Sha'aibu ya fara. Da gari ya waye muka zauna muka zuba masa ido, sai ya ce:

"Wani yak kashe uban wani. Ɗan yag girma yar rama. An yi waƙa shidda."

"Shi ke nan?" in ji Illa. "Mun haɗa ɗan abinmu ka kawo muna magana ukku? Wallai wanga ba ciniki ba na."

Illan da kansa bai fi shi ba. Daga ƙarshe yake farowa, dariya ta shaƙe shi kafin ya kai wurin abin dariyar, ya koma baya, ya manta wanda ya mutu. Da layi ya zo kaina, ban san daga ina abin ya zo mini ba. Na miƙe tsaye a zauren, na yi dokin, na yi mahayinsa, na yi tsohuwa mai kuka. Abin da 'yan Indiya suka faɗa ban ji ba, sai na sa musu magana a baki da Hausar Adar, har sarkinsu yana rantsuwa irin ta mutanen Buza. Kafin in gama, ɗinkin tela ya tsaya, matan gida sun taru a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Sai Illa ya dafa ni.

"Aliyo, daga yau kai ɗai ka shiga. Ni na shiga na gani da idona, amma naka ya hi na bango daɗi."

Sha'aibu ma ya gyaɗa kai. Na ɗan yi musu na kunya, irin musun da ake yi hannu a miƙe, na karɓa.

Daga nan sunana ya ɓace, kowa a unguwarmu Silima yake ce mini. Kuma gaskiya na iya, ba zan yi muku ƙaryar tawali'u ba. Fim ɗin yana zuwa ne cikin gwangwanaye, ana ɗora su ɗaya bayan ɗaya. Wata rana mai injin ya rikita su, mutumin da muka ga an binne sai ga shi ya dawo yana rawa a gidan biki. Rabin filin suka ce aljani ne, rabi suka ce tagwaye ne, aka tashi ana gardama. Ni kuwa a hanya na jera abin a kaina, da safe na ba da shi a miƙe, har waɗanda suka shiga jiya suka zo wurina jin yadda aka yi. Yaro ɗan shekara goma sha biyar manya suna kiransa ya zauna ya yi magana, ku faɗa mini wane lissafi ne zai ƙara shiga kansa. Ina cikin aji amma idona yana kan farin bango. Bayan kayena, wato littafin rubutuna na darasi, duk ya cika da tsarin labari, wa ya fara fitowa, ina zan tsaya in ja musu rai. Mushen lissafi, wato malaminmu, ya kama ni sau biyu, makina na ta yin ƙasa. Sha'aibu, wanda ba ya magana, ya yi magana.

"Aliyo, mu awa guda muka saurarenka mu koma ga karatu. Kai ba ka hitowa daga ciki. A koma zagayawa yadda munka hwara."

Na ce masa hassada ce, don shi magana uku ya iya. Bai sake tayar da zancen ba. Abin da ya fi ci mini rai in na tuna shi ne irin shekarar da nake wannan shashanci. Shekarar babban fari ce, wadda shanu suka zube a bakin hanya, sojoji kuma suka karɓi mulki kafin damina. Jakinmu ya mutu. Yayana ya tafi cin rani bakin teku bai dawo ba. A gida ganye ake ci da dusa, amma duk wanda zai zo kasuwar Madawa sai Inna ta ba shi ɗan ƙullin gari ya kawo mini, wanda ta rage daga bakinta. Ina ci, ina zuwa silima.

Ƙarshen shekara aka ba kowa takardarsa. Sha'aibu da Illa suka wuce aji na gaba. Tawa ta ce makina bai kai ko na maimaita aji ba, an sallame ni. Na iso gida kwana ɗaya bayan ruwan shuka. Ban shiga gari ba, na zarce gonar tudu, na tarar da Baba shi kaɗai yana sara da sungumi, in ya kai ƙarshen layi ya dawo ya zuba iri ya rufe da ƙafa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na miƙa masa takardar, ya juya ta, ya mayar mini ya ce in karanta. Baba bai san boko ba, ni kuma gwanin shirya magana ne. Na fara cewa an rubuta wai bana wuri ya yi kaɗan, saboda fari an rage yara. Ya jingina da sungumin yana kallona.

"Ban iya karatun nasara ba, Aliyo, amma na iya huskarka. Sake."

Na sake, na faɗa masa abin da ke ciki kalma kalma.

"Mi yac ci ka?"

"Silima, Baba."

"Mi na na silima?"

Na ce hotuna ne masu motsi da ake haskawa a bango. Na so ya dake ni, wallahi na so, da na samu sauƙi. Sai ya ce in ninke takardar, kada in faɗa wa kowa tukuna, in ɗauki ƙwaryar iri in bi bayansa.

Bayan kamar kwana goma, da la'asar, muna tsakar gida, Inna tana cewa in an samu wake bana za ta ɗinka mini sabon wando kafin komawa lakwal, wato makaranta. Baba yana tufka igiya, bai ɗaga kai ba ya ce:

"Aliyo ba shi komawa. Na hidda shi. Ƙarhina ya rage, wansa bai komo ba, gona na son hannu."

Inna ta ajiye faifan da ke hannunta.

"Malam, ka hidda shi? Da wa kay yi shawara? Shekara biyu ina rage cikina ina aika mai, don shi komo shi riƙe kalme awa kowa?"

"Na gama magana."

"Ba ka gama ba. Allah na gani."

Ina zaune tsakaninsu, takardar tana cikin aljihuna. Kalma ɗaya ta isa, ban faɗe ta ba. Labari ya kai wa Kawu Ada a Buza, ranar Juma'a sai ga shi. Bai jira an shiga gida ba, a ƙofar masallaci ya tare Baba, mutane na ji, ya ce masa jahili ne shi, kuma yana so ɗansa ya gaje shi. Baba ya ce ya ji, amma ɗansa ne. Tun daga ranar Kawu bai ƙara cin abincin gidanmu ba har ya bar duniya. Da muka koma gona na kasa haƙuri, na tambayi Baba don me ya yi haka.

"Ni tsoho na. In an ce mani jahili ba a ƙara mani komi ba. Kai in anka ce ma korarre, da shi za ka neman mata, da shi za ka tsuhwa. Kama aikinka."

Na kama aikina, kuma na yarda da wannan rufin asiri da sauri fiye da yadda ya kamata. Mutanen gari suna tausaya mini, ni kuma tausayin yana yi mini daɗi. Na yi aure, aka haife ku. Da fari na biyu ya zo, aka fara aikin jera duwatsu a tsaunukan wajen Keita don tare ruwa, aka ɗora ni kan rukuni saboda ina jin Faransanci, da shi na ciyar da ku. Rayuwata ba ta lalace ba, kada ku ji tausayina. Wanda ya biya shi ne Baba. Inna ba ta taɓa sauke abin ba. Shekarar da Sha'aibu ya zo garinmu yin allurar rigakafi, ya zama ma'aikacin asibiti, ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga murya yadda Baba zai ji, ta ce in zo in ga abokina da farar riga. Sha'aibu ya gaishe su ya sunkuyar da kai, Baba ya ci gaba da igiyarsa. Da Inna ta kwanta ciwon ajali, kwana tara ina gefenta. Sau nawa na buɗe baki, sai in ce bari ta ɗan ji sauƙi. Ta rasu tana riƙe da mijinta a zuci kan abin da bai yi ba. Shi kuma ya bi ta bayan shekara ɗaya. Wannan ita ce kunyar da ta fi kowace a rayuwata, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa.

Yanzu zaman Madawa. Illa ya yi aikin koyarwa har ya yi ritaya a can, shi ya kira mu auren jikarsa. Bayan ɗaurin aure, da hantsi, ya ce mu taka mu ga silimarmu. Muka tafi a hankali, mu uku da sanda biyu. Katangar tana nan, amma an yi mata rufin kwano, ta zama ma'ajiyar albasa, warin ya tare mu tun daga nesa. Muka samu inuwar dogon yaro a gefe muka zauna, mai shayi ya kawo mana. Sha'aibu kansa fari fat, gemu fari, ya ƙara tsawo saboda rama. Illa kuwa ya shafa wa gashinsa baƙi har ya fi na ango.

"Illa, wanga kai na wa na ka aro?" in ji Sha'aibu.

"Nawa na. Uwargida ka so."

"Ni ma na shahwa shekara biyu, nib bari. Kai na cewa talatin, gwiwa na cewa saba'in, mutane kuma gwiwa suka kallo in ka tashi."

Illa ya yi dariya har haƙoransa na asibiti suka motsa, ya tare su da hannu, muka ƙara fashewa. Daga nan aka shiga tuna baya. Ba wanda ya iya faɗin abin da ya ci shekaranjiya, amma takalmin mahauci yana nan, da mamacin da ya dawo rawa, da daren da ruwa ya sauko aka ƙi tashi. Illa ya ce lallai sai na miƙe na yi musu dokin nan. Na gwada, ƙugu ya ƙi, numfashi ya yanke a tsakiyar sukuwa, na zauna ina tari suna tafa mini. Ban ji haushi ba, ina ganin ranar na fara jin daɗin tsufana. Sha'aibu ya kurɓi shayi ya ce shi abin da yake so game da tsufa, yana sa mutum ya ajiye kaya. Ya ajiye gudu, ya ajiye fushi, ya ajiye son a ce ya iya, kuma duk wanda ya ajiye sai ya ji barcinsa ya ƙaru. Sai ya juyo ya dube ni.

"Saura guda, Aliyo, kuma na ubanka na. Ya ce mu riƙe, bai ce har yaushe ba. Na ga hurhura ta kama mu duka, ban so in tahi da shi."

Illa ya daina dariya. Sha'aibu ya ce hutun shekarar da aka kore ni ba su je gida ba, don ba abinci a can, suna zauren tela. Wata safiya sai ga Baba, ƙafafunsa sun yi fari da ƙura, daga ƙauye ya tako. A take na tuna ya taɓa barina da shuka kwana huɗu, ya ce zai je neman irin wake. Baba ya ce su kai shi wurin shugaban kolaj. Ya zauna a ƙofar ofis tun safe har azahar, da aka shigar da shi Sha'aibu ne ya yi tafinta. Ya cire hularsa ya roƙa a bar ni in maimaita, ya ce shi zai tsaya mini. Aka ce takarda ta riga ta wuce sama, ba yadda za a yi. Da suka fito sai ya ce su nuna masa silimar. Rana tsaka ce, ƙofa a buɗe ana shara. Ya shiga ya tsaya gaban farin bangon nan, ba komai a kansa, ya daɗe yana kallo, har ya matsa ya shafa shi da hannu. A nan ya sa su yi alkawari ba za su faɗa wa kowa an kore ni ba, kuma ba za su faɗa mini ya zo ba.

Illa ya karɓe, muryarsa ta sauya.

"Da za shi tahiya, sai yaj juyo yac ce mani: shi dai, ya iya ba da labarin? Nic ce, Baba, duk Madawa babu kama tai, manya ka zama su saurare shi. Sai yay yi murmushi. Yac ce, to madalla, ashe ba banza yaz zamna ba. Wata rana in ya huce, shi ba ni guda in ji."

Na yi kuka a gindin bishiyar nan, da furfurata, masu ɗaukar albasa suna wucewa suna kallo. Ba wanda ya ce in yi shiru, Sha'aibu dai ya riƙe mini sanda.

To kun ji. Ke Hadiza, ki koma ajinki ki gyara abin da kika faɗa, ki ce musu kakanki ya taka daga kwarin Buza har Madawa da yunwa a cikinsa don a bar ɗansa a lakwal. Ku kuma sauran, in kuna yi masa addu'a ku yi ta da zuciya ɗaya, Allah ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da Inna a inda za ta ji gaskiya, tunda ni na kasa faɗa mata. Shekara goma sha ɗaya muka yi muna noma ni da shi bayan wannan tafiya, kafaɗa da kafaɗa, muna hutawa a inuwa ɗaya. Kunya ta hana ni ko ambaton silima a gabansa. Shi yana jira in huce, ni kuma ban san yana jira ba, har aka binne shi ban ba shi ko guda ba.